Me ya sa motocin Amurka na shekarun 1950 suke da fukafukai, na Turai kuma kamar ƙwai?

Wani ɗalibi mai karatun injiniyancin motoci ne ya aiko da wannan tambaya: "Baba, na ga hotunan motocin da aka ƙera tsakanin 1945 da 1965. Na Amurka dogaye ne kamar jirgin ruwa, ga wasu fukafukai a bayansu, na Turai kuwa ƙanana kamar ƙwai. Shin ado ne kawai na zamanin, ko akwai wani dalili? Kuma me ya sa a nan Fijo da Landiroba muka gada, ba waɗannan manyan na Amurka ba?"

Ɗana, ado yana ciki, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Na yi shekara arba'in da ɗoriya tsakanin kwanciya ƙarƙashin mota da koyar da masu son kwanciya ƙarƙashinta, kuma abin da na fi amincewa da shi a wannan sana'a shi ne mota ba ta iya rufa wa gidansu asiri. Ka buɗe bonet, ka ƙwanƙwasa bodi, ka auna tsawonta, za ta gaya maka nawa ake sayar da fetur a ƙasar da ta fito, ko ƙarfe ya wadata, wace irin hanya aka yi ta domin ta bi, da yadda gwamnati take yanka haraji. Motocin da kake tambaya a kansu duk 'ya'yan Yaƙin Duniya na Biyu ne. Bambancinsu shi ne wasu an haife su a gidan da yaƙi ya azurta, wasu a gidan da ya rushe.

Bari mu fara da lissafi, tunda injiniya kake son zama. Cadillac ta 1959 tsawonta ya kai mita 5.7, injinta mai silinda takwas ne, lita 6.4, ƙarfin doki 325. Fiat 500 da ta fito a Italiya a 1957 ba ta cika mita 3 ba, injinta silinda biyu, bai kai rabin lita ba, ƙarfin doki 13. Wato in ka jera Fiat biyu hanci da wutsiya, da kaɗan za su ɗara Cadillac guda. Shekara biyu ce kacal tsakaninsu, kuma injiniyoyin Italiya ba su gaza na Amurka ilimi ba, su ne fa masu Ferrari. Daidai ruwa daidai tsaki ne kawai.

Amurka ta daina ƙera motocin farar hula a watan Fabrairun 1942, masana'antun birnin Detroit suka koma yin tankoki da jiragen yaƙi da injinansu. Har yaƙin ya ƙare bom ko ɗaya bai faɗa kan waɗannan masana'antu ba. Sai ga shi a 1945 ƙasa tana da ƙarfe, tana da man fetur nata na kanta, ma'aikata sun yi shekara uku suna karɓar albashi ba abin saye, sojoji sun dawo suna aure suna neman gida. A 1950 kusan kashi uku cikin huɗu na duk motocin da aka ƙera a duniya daga Amurka suka fito. Galan ɗin fetur kuwa a ƙarshen shekarun 1950 bai wuce wajen santi 30 ba. Wanda fetur bai dame shi ba, me zai sa ya damu da nauyin mota? Aka kuma fara gina sababbin unguwanni nesa da tsakiyar gari, irin su Levittown da aka soma a 1947 kusa da New York, inda ko burodi za ka saya sai ka tayar da mota. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan tagwayen hanyoyi masu tsawon mil 41,000. Shi kansa yana matashin hafsa a 1919 ya bi ayarin motocin soja daga Washington zuwa San Francisco, tafiyar da ta ci musu kwana 62 saboda munin hanya, daga baya kuma ya ga manyan hanyoyin Jamus da idonsa. Hanya miƙaƙƙiya mai faɗi, tafiyar yini guda ba kwana, ita ce ta haifi mota mai taushin kujera kamar ta falo, mai canza giya da kanta, mai sitiyarin da yatsa ɗaya ke juya shi.

To fukafukan fa? Nan ne labarin ya fi daɗi. Shugaban sashen zane na kamfanin General Motors, Harley Earl, ya kai yaransa sun ga wani jirgin yaƙi mai wutsiya biyu, Lockheed P-38, kuma wannan wutsiya ce ta ɓullo a bayan Cadillac ta 1948, 'yar ƙarama kamar ƙulli. Mutane suka so ta, sai kowane kamfani ya shiga tsere. Chrysler ta fito da nata dogaye a 1957, General Motors ta ji haushi ta mayar da martani da na 1959, waɗanda har da fitilu masu kama da harsashi a jikinsu. Chrysler ta riƙa cewa fukafukan suna taimaka wa mota ta tsaya daram in iska ta bugo daga gefe. Ni dai a matsayina na bakanike, a gudun da mutum ke yi zuwa kasuwa, aikinsu ɗaya ne: su sa maƙwabci ya leƙo ta taga. Zamanin jirgin sama mai saurin sauti ne da roka, kowa hankalinsa yana sama. Dubi sunayen ma: Oldsmobile Rocket 88 a 1949, Ford Galaxie a 1959, Comet a 1960. Roka, taurari, tauraruwa mai wutsiya. Mutumin da ba zai taɓa tuƙa jirgi ba an sayar masa da ƙamshin jirgin.

Akwai kuma wata dabara a ƙarƙashin adon, wadda ta fi adon muhimmanci. Alfred Sloan, wanda ya daɗe yana shugabantar General Motors, ya gane tun shekarun 1920 cewa in kowa ya mallaki mota mai ƙarko, kasuwa za ta mutu. Maganin da ya kawo shi ne a riƙa canza fuskar mota kowace shekara, ko da inji da giya suna nan yadda suke, domin mai motar bara ya ji kunyar ajiye ta kusa da ta bana. Ya kuma jera motocin kamfanin kamar matakalar bene: Chevrolet a ƙasa, sai Pontiac, sai Oldsmobile, sai Buick, Cadillac a ƙoli. Ana ƙara maka girma a ofis, kai ma ka hau mataki ɗaya, kowa a unguwa ya san inda albashinka ya kai ba tare da ka buɗe baki ba. Mu da muka san yadda ake auna mutum da shaddar da ya sa ranar Sallah ba ma buƙatar dogon bayani. Dabarar ta ci: a 1955 General Motors ta zama kamfani na farko da ya ci ribar sama da dala biliyan ɗaya a shekara guda.

Amma kada hoton ya ruɗe ka. Motocin nan suna faɗar gaskiya game da arzikin Amurka, suna kuma yin shiru game da wasu abubuwa. Baƙar fatar da ya tara kuɗi ya sayi Buick a 1955 yana iya tuƙa ta, amma a jihohi da yawa ba kowane otal zai ba shi ɗaki ba, ba kowane gidan mai zai bar shi ya shiga bayan gida ba. Har wani ma'aikacin gidan waya a New York, Victor Green, ya riƙa buga ɗan littafi tun daga 1936 mai jera wuraren da baƙi za su iya kwana ko cin abinci ba tare da wulaƙanci ba. Duk da haka mota ta zame musu 'yanci, domin a cikinta ba mai ce maka koma kujerar baya. Da baƙaƙen birnin Montgomery suka ƙaurace wa motocin bas daga Disambar 1955, suka yi kwana 381 ba su shiga ba, da motocin junansu suka riƙa kai juna wurin aiki.

Sai batun rai. Na taɓa zama cikin irin waɗannan motoci, na duba gaban direba: ƙarfe zalla, maɓallai masu tsini, sandar sitiyari miƙe tana kallon ƙirjinka kamar mashi, ba bel, birki na ganga a ƙafa huɗu yana fama da nauyin tan biyu. Bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu wanda muke ɗaurawa yau, injiniyan Volvo Nils Bohlin ne ya fito da shi a Suwidin a 1959, shekarar da Detroit ke auna tsawon fiffike. A 1966 mutanen da suka mutu a hanyoyin Amurka sun haura 50,000, kuma a shekarar ce majalisa ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni ƙa'idojin kare rai, bayan lauya Ralph Nader ya tayar da ƙura. Kafin nan ma kasuwa ta fara gajiya. Ford ta ƙaddamar da Edsel a Satumbar 1957 da gagarumin biki, tattalin arziki ya ja baya a 1958, mutane suka ƙi ta, aka rufe babinta a Nuwambar 1959 da asarar ɗaruruwan miliyoyin dala. Daga 1960 fukafukai suka fara motsewa.

Yanzu haye teku. A Jamus birane sun zama kufai, kuma motar da ta ɗaga ƙasar tana da tarihi mai ɗaci. Hitler ne ya sa Ferdinand Porsche ya zana motar talaka, aka yanka mata farashi mark 990, aka ce ma'aikata su riƙa zuba mark 5 kowane mako kamar adashi. Mutum fiye da 300,000 suka zuba, ba wanda ya karɓi mota, domin masana'antar ta koma yin motocin soja, da ƙwadagon fursunoni da mutanen da aka kamo aka tilasta musu aiki. Bayan yaƙi wani manjo na sojan Ingila, Ivan Hirst, ya tarar da masana'antar, wadda ke garin Wolfsburg, rabi a rushe, ya shawo kan sojojinsu suka ba da odar mota 20,000. Daga nan Volkswagen Beetle ta tashi. A 1955 an ƙera ta miliyan ɗaya, a 1972 ta karya tarihin Ford Model T ta Amurka na motar da aka fi ƙerawa da yawa, ba a daina yin ta ba sai 2003 a Meziko, bayan fiye da miliyan 21.

Ka lura da abin da ke cikinta. Inji a baya, iska ke sanyaya shi, ba lagireto balle ruwa ya daskare a lokacin sanyi ga mutumin da ba shi da garejin kwana. Kusoshi huɗu ne ke riƙe da injin a jikin giyabos. Ni da yaro ɗaya mun sha sauke shi kafin shayi ya huce. Kuma siffarta ba ta canzawa, gyara ake yi a ciki shekara bayan shekara. Wannan kishiyar dabarar Sloan ce kai tsaye: can ana canza fuska a bar ciki, nan ana gyara ciki a bar fuska. Mutumin da ya ga gidansa ya ƙone ba ya neman sabon yayi, abin da zai daɗe yake nema.

Waɗanda ka ce kamar ƙwai kuwa, su ne suka fi ba ni tausayi da dariya a lokaci guda. Kamfanin Messerschmitt, wanda jiragensa suka yi yaƙi a sararin Ingila, an hana shi ƙera jirgi bayan yaƙi, sai ya koma yin wata 'yar mota mai ƙafa uku, direba a gaba fasinja a bayansa, rufinta na buɗewa gefe kamar na jirgin yaƙi. Ka ga abin mamaki: Ba'amurke yana manna wa mota wutsiyar jirgi don ƙawa, Bajamushe mai ƙera jirgin gaske yana yin keken ƙwai don ya ci abinci. BMW ma, wadda yau ake yi wa kallon motar manya, Isetta ce ta riƙe ta daga 1955 zuwa 1962. Lasisinta ta saya daga wani kamfanin Italiya mai suna Iso, wanda da firji yake yi, kuma in ka ga ƙofarta guda ɗaya a gaba tana buɗewa da sitiyari manne a jiki, sai ka ce lallai hannun mai firji ya taɓa ta. Injin babur ne a ciki, silinda ɗaya. An sayar da fiye da 160,000. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki.

A gabashin Jamus, ɓangaren 'yan gurguzu, ƙarfen bodi ne babu, sai suka haɗa ragowar auduga da wani irin ƙaro suka matse, suka yi wa Trabant jiki da shi. Ta fito a 1957, shekarar da Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik, sunanta ma yana nufin ɗan rakiya irin na tauraro. Mutum kan yi rajista ya jira shekara goma ko fiye. A Mosko kuwa, inda ake zagin jari-hujja safe da yamma, Chaika ta 1959 da manyan jam'iyya ke hawa kusan kwafin Packard ta Amurka ce, har da ƙyalƙyalin. Ba a sayar wa talaka ita ko yana da kuɗi.

Faransa ce ta yi motar da na fi girmamawa a duk zamanin, kuma na san za ka yi dariya in ka ga hotonta: Citroën 2CV. Tun kafin yaƙi shugaban kamfanin, Pierre Boulanger, ya ce yana son motar da za ta raba manomi da keken doki, ta ɗauki mutane da kaya kilo 50, ta ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. Da Jamusawa suka mamaye ƙasar aka ɓoye samfuran farko don kada su faɗa hannunsu. Ta fito a bajekolin Paris na 1948 da inji mai ƙarfin doki 9, rufin tamfol da ake naɗewa, kujeru kamar na shan iska. 'Yan jarida suka yi mata ba'a, manoma da limaman ƙauye da unguwarzoma suka yi layi na shekaru. An ci gaba da yin ta har 1990. Sunanta ma takardar haraji ce: yana nufin doki biyu, ba dokin inji ba, dokin da ofishin haraji ke lissafawa. A Turai a wancan zamanin girman inji ke yanke maka abin da za ka biya gwamnati, shi ya sa injiniyoyinsu suka ƙware wajen matse ƙarfi daga ɗan ƙaramin inji. Ingila ma har ƙarshen shekarun 1940 da faɗin bakin silinda take lissafa haraji, sai injinansu suka zama masu siririn silinda da doguwar tafiyar fistin. In ka taɓa buɗe tsohon injin Ingila ka yi mamakin siffarsa, ba injiniya ne ya zana shi shi kaɗai ba, da hannun mai karɓar haraji.

Kamfanin da ya yi 2CV shi ne kuma ya fito da DS a 1955, mota mai tafiya kan iskar gas da mai a maimakon sifirin, tana ɗagawa in an tayar da ita, tana kwantawa in an kashe. Ranar farko aka yi odar 12,000. Ƙasar da aka mamaye shekara goma sha biyar kafin nan tana son ta nuna wa duniya kanta bai mutu ba. Ranar 22 ga Agustan 1962 'yan bindigar da ke fushi da ba Aljeriya 'yanci suka buɗe wa motar Shugaba de Gaulle wuta a Petit-Clamart kusa da Paris, tayoyi suka fashe, amma DS ɗin ta riƙe hanya direba ya fice da shi. Ba kowane shugaba ya yi wannan sa'a ba. Lincoln ɗin da aka harbi Kennedy a ciki a 1963 tana gidan tarihi a Michigan, kamar yadda baƙar Marsandin Janar Murtala take a gidan tarihi na Legas da ramukan harsashinta.

Ingila ta ci yaƙi amma ta fito da bashi har wuya. Gwamnati ta ce kamfanin da bai fitar da motocinsa waje ya kawo kuɗin ƙetare ba, ba zai sami rabon ƙarfe ba. Kamfanin Rover, mai yin motocin alfarma da ba mai saye, ya shiga tsaka mai wuya. Injiniyansu Maurice Wilks yana da tsohuwar jif ɗin sojan Amurka a gonarsa, sai ya ce su yi irinta. Ƙarfe babu, alminiyon da aka saba yin jirage da shi akwai, sai aka yi bodi da shi, aka shafa koren fentin da ya ragu daga kayan soja. Haka Land Rover ta fito a 1948, da niyyar ta riƙe kamfani na ɗan lokaci kafin abubuwa su daidaita. Shi ya sa za ka ga Landiroba ta shekara sittin bodinta bai yi tsatsa ba, sai dai ka leƙa ƙasa ka tarar shasi, wanda shi ƙarfe ne, ya cinye.

Mini kuwa Masar ce ta haife ta, ko da yake a Ingila aka yanke mata cibiya. Gamal Abdul Nasir ya ƙwace mashigin Suwez a Yulin 1956, Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai hari, mashigi ya toshe, mai ya yanke, aka koma rabon fetur da kati a Ingila daga Disambar 1956. Mutane suka rungumi 'yan ƙwayayen Jamus, abin ya ɓata wa shugaban kamfanin BMC, Leonard Lord, rai, ya sa Alec Issigonis ya yi masa ƙaramar mota ta gaske. Issigonis ya kwantar da inji a gicciye, ya sa giyabos a ƙarƙashinsa, ya ba ƙafafun gaba aikin ja, ya tura tayoyi masu inci 10 can kusurwa huɗu. Mota mai tsawon ƙafa goma ta ɗauki manya huɗu. Ta fito a Agustan 1959, shekara ɗaya da waccan Cadillac. Je ka buɗe bonet ɗin Corolla ko Golf ko Civic da ke ƙofar gidanku, ka ga yadda inji ya kwanta. A cikin biyun, ka ga wadda ta bar zuriya.

Japan ba zan daɗe a kanta ba, domin lokacinta na gaba ne. Abin lura kawai shi ne gwamnati ta ware rukunin ƙananan motoci masu sauƙin haraji, Subaru 360 ta 1958 ta fito daga kamfanin da ya gaji masu ƙera jiragen yaƙi, kuma Toyota Crown da aka fara kaiwa Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ta kasa jure gudun manyan hanyoyinsu, har aka janye ta. Sun koma gida sun yi nazari. Corolla ta fito a 1966.

Sai rabin tambayarka na biyu. Mota takan bi tutar mai mulki. Ƙasar da Ingila ta mulka, Morris da Austin da Bedford da Landiroba ake kawo mata, da sitiyari a dama, domin a hagun hanya muke tuƙi a lokacin. Landiroba ita ce motar Di'o da jami'in gona da ma'aikacin allurar shanu, saboda ita ke shiga inda kwalta ba ta kai ba. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa kayan Faransa suka gada. Manyan motocin Amurka sun shigo, an gan su a hannun wasu masu sarauta da 'yan siyasa da attajirai, amma ba su yi jama'a ba, kuma dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa bin hanyar burji da damina. Cikinsu kusa da ƙasa yake, gaba da baya sun zarce tayoyi da nisa, sifirin ɗinsu na shimfiɗaɗɗiyar hanya ne, ga shan mai, ga kayan gyara sai an jira jirgin ruwa. An yi su ne domin wata hanya da ba tamu ba. Inda suka rayu da yawa a wajen gida shi ne Kyuba, kuma can ma tilas ce: bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin Amurka sababbi suka daina shigowa, kanikawan Habana suka riƙa ɗora wa Chevrolet ta 1955 injin dizal na wata ƙasa, suna ƙera abin da babu da hannu. In akwai kanikawan da nake cire wa hula, su ne.

Fijo ta ci kasuwarmu ne domin ƙauyukan Faransa na bayan yaƙi ba su fi namu kyan hanya da yawa ba, kuma kamfanin na masu ra'ayin riƙau ne, ba sa sa abu a mota sai sun tabbata ba zai karye ba. 403 ta fito a 1955, 404 a 1960. Ita 404 ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan laka da duwatsun da suka karya motocin da suka fi ta ƙarfi. Doguwar tafiyar shokozoba, ciki a ɗage, inji mai sauƙin kai wanda bakanike zai gyara a gindin bishiya da sifana goma. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta canza hannu ta koma tuƙi a dama irin na maƙwabtanta, motocin Ingila masu sitiyari a dama suka zama bare a hanyar da da tasu ce. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna da Volkswagen a Legas, 504 ta zama motar gwamnati da ta tasha gaba ɗaya.

Maigidan da na koyi aiki a wurinsa yana da 404 a-kori-kura, kuma da ita aka fara ba ni izinin kwance kafireto ni kaɗai. Na baje kayan a kan buhu, na wanke da fetur, na mayar, sai ga wani ɗan ƙaramin sifirin ya ragu a hannuna. Na jefa shi aljihu na yi shiru. Motar ta tashi, ta yi lodin buhunan masara zuwa Zariya ta dawo. Sai bayan kwana uku maigida ya saurari injin yana aiki a tsaye, ya karkata kai, ya miƙo mini tafin hannu ba tare da ya ce uffan ba.